Tsutsa Mai Doguwar Wutsiya

Muntaka bai yi ihu ba da ya gani. Tsugunawa ya yi a bakin komin da ake renon dashe, ya tuge dashen tumatir ɗaya, ya karkaɗe ƙasar, ya tsaya yana kallon saiwar. Duk ta ƙulle, ƙulli kan ƙulli. Ya tuge na biyu, haka. Sai da ya ɗaga ciyawar da aka lulluɓe sabon komi da ita, wanda ko gama tsirowa bai yi ba, ya ga an barbaɗa jar ƙasa a kai, alhali ƙasar fadamar Darini baƙa ce, sannan ya miƙe ya ƙwala wa mutane kira.

Dashen ba nasa ba ne shi kaɗai. Na duk masu lambun unguwar ne, shi aka ba reno don shi ne shugaban ƙungiyarsu. Irin kuma na musamman ne, wanda aka ce ciwon ƙullin saiwa ba ya kama shi. Ga shi ya kama. Ke nan wani ya daɗe yana zuwa yana zuba masu ƙasa mai ciwo, sai yau asiri ya tonu.

Aka aika a kira Sammani mai bin sawu. Dattijo ne siriri, ba ya rabo da guntun karan dawa a hannu, kuma aikinsa yawanci neman akuyar da aka sace ne. Yana zuwa ya zana layi a ƙasa da karan.

“Wanda ya tsallake wannan, da shi zan fara.”

Kowa ya ja baya. Ya sunkuya ya daɗe. Sawun a fili yake cikin laka: takalmin roba ne, irin wanda makiyaya ke sawa.

Ba wanda ya ambaci suna, amma duk kawuna suka juya gabas, wajen kan rafi, inda rugar Lado take. Kowa ya san ɗan lambun Lado ya daɗe da ciwon ƙulli. Kowa kuma ya tuna cacar bakin da suka yi da Muntaka a kan burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa.

Almustapha, wanda garkarsa ke can ƙasan fadama inda rijiya ke saurin ƙafewa, ya yi gyaran murya.

“Ni dai ban ce kowa ba. Amma takalmi ba ya tafiya shi kaɗai.”

Matasa suka fara gunaguni, wani har ya ɗaga gora. Mai unguwa ya tsawatar.

“Ba mai taɓa kowa. Bayan sallar Juma'a za a zauna. In Lado ne, ya kwashe rugarsa ya bar mana ƙasa. Sammani, kai muke jira.”

Sammani ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, har da ta Muntaka. A irin wannan zamani, in aka kori Bafulatani daga inda aka san shi, ba inda zai je a karɓe shi. Duk wanda ke wurin ya san haka.

*

Sawun ya bi ta gefen rafi, ya hau burtali, ya nutse cikin sawun kofato. Daga nan ruga jifa ɗaya ce.

Ya iske Fanta, matar Lado, tana sauke ƙorai daga kan danki, gadon da take jera su, tana cusa ƙanana cikin manya. Labari ya riga shi zuwa. Lado ya fito, suka gaisa doguwar gaisuwa, ta gida da ta shanu da ta gajiya, ba wanda ya kalli idon wani.

“Kawo takalminka in gani,” in ji Sammani.

Lado ya tuɓe ya miƙa. Sammani ya aza karan a kai. Daidai da alamar da ya yi wa karan da farce sa'ad da ya auna sawun a bakin komi, ba ragi ba ƙari.

“Kawu Sammani, rabin kasuwa irinsa suke sawa.”

“Na sani. Ka bi ta fadama jiya?”

“Na bi. Kullum ina bi. Ta sama zan kai shanu ruwa?”

“Mi ka ce ma Muntaka ranar da kuka yi faɗa?”

Lado ya ce, “Na ce in ya toshe burtali, tumatirinsa ba zai yi albarka ba. Bakina ne ya faɗa. Hannuna bai yi komi ba.”

Suka shiga ɗan lambun. Sammani ya tuge tushe ɗaya, ya ga ƙulli. Ya ɗebi ƙasar ya murza, ja ce. Komai na nuna Lado, har ya yi yawa, kuma wannan yawan ne bai kwanta masa ba. Akwai wani abu kuma: a sawun fadama dunduniya ta nutse, amma gaban takalmin bai danne laka ba, kamar yatsun mai shi ba su kai ƙarshe ba. Na Lado kuwa babban yatsa har ya kusa huda robar. Sai dai mai ɗauke da buhu ma yakan taka da dunduniya. Wannan ba hujjar da za a kai gaban mai unguwa ba ce.

“A nan aka haife ni,” in ji Lado a hankali. “Ga kabarin Bappa can bayan tsamiya. In na tashi, dawa zan shiga ko gari?”

Sammani ya ƙulle saiwar a leda.

“Ce ma Fanta ta dakata da ƙoran. Ban ce ka fita ba, ban ce ka shiga ba.”

*

Washegari ya hau ɗan acaɓa zuwa Batsari. In ba ƙasar ce ta kawo ciwon ba, to irin ne jabu, kuma Ɗan'auta ne ya sayar da shi.

Ɗan'auta na jin zancen ya yi tsalle daga kan benci.

“Ni? Jabu? Baba, ka zo ka kashe ni da raina! Wa ya aiko ka, Muntaka? Ka tambaye shi ko gwangwanin a rufe na ba shi. Wa ya sani ko ya ɓoye nagarin ya shuka maku na tsiya?”

“Shi ma ina tunaninsa. Yanzu dai kai nike tambaya.”

Ɗan'auta ya ja hannunsa zuwa bayan shago. Akwai ɗan fili da tumatir kore shar. Ya tuge ɗaya da ƙarfi, kamar mai huce haushi. Saiwar fara tas, siririya, ba ƙulli ko ɗaya.

“Gwangwani guda da nasu. Wurin nan kuwa bara kuɓewa na sa, ƙulli ya cinye ta ƙurmus. Ka ga abin da irina ya yi a kan ƙasa mai ciwo?”

Sammani ya juya saiwar a hannunsa. In irin na ƙin ciwo a Batsari, don mi zai faɗi a Darini?

“Wannan kuma ya fi ƙarfina,” in ji Ɗan'auta, yana sauke numfashi. “Ka tafi Safana ka nemi Malama Mahfuza, malamar gona. Ita ke da madubin nan irin na masu duba jini. Kuma in ka koma ka gaishe da Muntaka, ka ce na gode.”

*

Mahfuza ba ta yi mamakin ledojin ba, ɗaya da saiwar lambun Lado, ɗaya da ta komin Muntaka. Ta rubuta suna a jikin kowace, ta wanke saiwoyin, ta tsinci wasu ƙananan ɗigo a jikin ƙullin da bakin allura, ta sa a faranti biyu da ɗan ruwa.

“Ƙwai ne, Baba. Tsutsa ce ke shiga saiwa ta zauna tana tsotso, shi ne wurin ke kumbura. Sai ƙwan ya ƙyanƙyashe za mu gani. Ka dawo jibi.”

Da ya dawo, ta aje madubin a bakin taga don ya samu hasken rana. Ta ɗiga ruwan farantin Lado a kan gilashi, ta ɗan ɗumama shi don tsutsotsin su miƙe, ta ce ya duba. Sammani ya rufe ido ɗaya ya leƙa, ya ja baya da sauri, ya sake leƙawa. Wasu abubuwa ne kamar zare, farare, an kwantar da su a kan wasu zane-zane irin na rula.

Ta canza gilashi. “Wannan na komin Muntaka ne.”

Ya duba ya daɗe. Sannan ya ɗago.

“Iri ɗaya ne, ɗiyata.”

“A ido haka ne. 'Yan uwan juna ne na kusa, kuma ƙulli ɗaya suke yi. Kai in ka ga sawun jaki biyu, ya kake raba su?”

“Aunawa nike.”

“To mu ma haka. Ga allurar bakinsu da suke huda saiwa, wannan kusan tsawo ɗaya ce, ba za ta raba mana gardama ba. Dubi ƙarshen jiki inda ya tsuke. Daga wannan ɗan tabon zuwa tsini, ita ce wutsiya. Ƙirga zanen.”

Ya ƙirga da leɓe. “Ashirin da uku.”

Ta mayar da gilashin Lado. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. “Sha tara.”

Ya ɗago zai yi magana, ta ɗaga hannu.

“Kada ka yi sauri, Baba. A gida ɗaya ma ana samun dogo da gajere. Sai mun auna da yawa.”

Suka zauna suna yi, ita tana dubawa, shi yana dubawa, har rana ta bar tagar suka matsar da tebur. Na Lado suna yawo tsakanin sha takwas da ashirin. Na komi ba wadda ta sauko ƙasa da ashirin da biyu, kuma farin tsinin da ke ƙarshen wutsiyarsu ya fi tsawo.

“Sunanta na ainihi ba zan rantse a kai ba sai an kai babban ɗakin bincike,” in ji Mahfuza. “Amma zan rantse ba ɗaya suke ba. Ta Lado ita ce 'yar gida, wadda muka saba da ita, kuma ita aka yi wannan irin don ya ƙi. Ko buhu goma aka zuba daga lambunsa, da dashen bai ƙulle haka ba. Wannan mai doguwar wutsiya baƙuwa ce, ba ruwanta da ƙarfin iri.”

“Daga ina baƙuwa za ta zo Darini?”

“Ba ta da ƙafar tafiya nesa, ɗauko ta ake yi cikin ƙasa. Abin da na karanta, ta fi son gwaiba. Wa ke da gwaiba a garinku?”

Sammani ya shiga ƙirga gidaje a zuci.

*

Gwaiba a wuri biyu take a unguwar. Ya fara da tsohuwa Tasalla, wadda bishiyarta ta girmi jikokinta. Ya ce ciki ke damunsa, yana son ganye da ɗan saiwa ya dafa.

“Ciki? Kai da ba ka da shi?” Ta kalle shi sama da ƙasa. “Sammani, tun kana yawo ba wando na san ka. Wa kake nema a gindin gwaibata?”

“Magani, Inna.”

“Haƙa. In ka ga ɓarawo a ciki ka gaishe shi.”

Saiwar lafiya lau. Duk da haka ya ƙulle ta a leda.

Wuri na biyu garkar Almustapha ce. Ya karɓe shi da fara'a, ya ma riga shi jajanta ciwon. Garkar kewaye take da ƙaya mai kauri, ƙofar langa-langa da kwaɗo. Ya zaro makulli daga zaren wuyansa.

“Ko ɗana ba ya shiga nan sai da ni. Mutanen yanzu ba amana.”

“Gaskiya ne.”

Gwaibobin ƙanana ne, 'yan dashe da ya sayo a leda a wata tafiya da ya yi kudu. Ganyensu ya yi rawaya, gefensa kamar an babbaka. A gindin ɗaya an tara busasshen ganye fiye da na sauran. Sammani ya tsuguna a nan, ya sa kara ya ture, ya ji ƙasar ta zurma. An kwashi ƙasa a wurin, kuma ja ce, irin wadda gwaibar ta zo da ita daga kudu.

“Ba nan ba, Baba, zo ga mai kyau can,” in ji Almustapha da sauri.

“Tsoho in ya tsuguna ya tsuguna.” Ya fizgi saiwa ya tura aljihu ba tare da ya kalle ta ba. Yatsunsa sun riga sun ji ƙullin.

Da suka nufi ƙofa, Almustapha na gaba, Sammani ya dubi silifas ɗinsa. Ƙafar ƙarama ce.

“Ya labarin Lado?” Almustapha ya tambaya yana rufe kwaɗo. “Abin tausayi. Wurin nan nasa kuwa ruwa ba ya yankewa ko da bazara. Kada dai a bar shi ya zama kufai.”

“Ba za a bari ba,” in ji Sammani. Daga nan tasha ya nufa, ya hau motar Safana.

*

Ran Juma'a aka cika ƙofar gidan mai unguwa. Lado ya zauna can gefe shi kaɗai, tsakaninsa da mutane fili kamar na shanya. Ɗan'auta ya zo daga Batsari ba a gayyace shi ba, wai ya zo ya ji wanda zai sake ce masa jabu. Mahfuza ta sauka daga mashin rungume da akwatin katako, aka shimfiɗa mata tabarma kusa da zaure.

“Ranka shi daɗe,” in ji Sammani, “mutum uku na zarga. Na zargi Ɗan'auta, sai na ga irinsa tsaye lafiya a kan ƙasa mai ciwo. Na zargi Muntaka ko ya musanya irin.”

“Ni?” Muntaka ya zabura.

“Zauna, har kai. Na zargi Lado fiye da kowa, don takalmi irin nasa ne, ƙasarsa ja ce, lambunsa da ƙulli, ga kuma bakinsa. Mu duka nan ƙulli ƙulli ne a wurinmu. Wanda ya yi aikin nan ma haka ya ɗauka. Ashe masu yin ƙullin ba ɗaya ba ne.”

Mahfuza ta yi bayani a taƙaice, ta kafa madubi, ta ce mai unguwa ya ƙirga da kansa. Ya cire hula, ya leƙa, ya yi salati. Na Lado, sha tara. Na komi, ashirin da uku. Liman ma ya duba, ya ƙirga, ya samu ashirin da biyu a wata, ta ce duk cikin gidan ne.

“Saura gilashi ɗaya,” in ji ta. “Saiwar gwaibar Inna Tasalla ba komai a jikinta. Wannan daga ɗaya gwaibar ce.”

Mai unguwa ya daɗe a sunkuye. “Ashirin da uku. Gwaibar wa?”

“Ta Almustapha,” in ji Sammani.

Almustapha ya yi dariya, amma ba ta fito daidai ba.

“Yanzu da wutsiyar tsutsa za a kama mutum? To ko daga garkata ne, wa ya ce ni na ɗebo? Shi Lado ba ya iya haurawa?”

“Na zagaye ƙayar, ba inda aka taɓa ta,” in ji Sammani. “Makulli kuwa yana wuyanka. Da bakinka ka ce ko ɗanka ba ya shiga sai da kai. Lado, ara mani takalminka.”

Ya aje su a gaban Almustapha.

“Sa ka taka mana nan wurin da aka yi alwala. In gaban ya danne laka kamar yadda dunduniya ta danne, ni zan ba ka haƙuri gaban kowa.”

Almustapha ya kalli takalman. Ya kalli ƙafarsa. Bai sa ba.

“Rijiyata ƙafewa take tun kafin tumatir ya nuna,” ya ce, muryarsa ta sauka. “Gwaibar da na sa rai ita ma tana mutuwa, duk abin da na shuka kusa da ita ƙullewa yake. Shi kuwa yana zaune kan ruwa da shanu. Na ce dashe ne kawai, a sake wani.”

“Dashe kawai?” in ji liman. “Mutum fa za a kora da iyalinsa.”

Matasan da suka ɗaga gora ranar farko suka miƙe, wannan karon suna fuskantar wani gefen. Mai unguwa ya daka masu tsawa.

“Ku zauna! Saura kaɗan ku sa ni kunya sau ɗaya, ba za ku ƙara ba. Maganar Almustapha ta wuce nan, gaban hakimi za ta. Lado, ba inda za ka.”

Lado ya ɗauki takalmansa ya sa.

*

Ana shirin watsewa Muntaka ya tambayi Mahfuza yaushe za su sake zuba iri a komayen.

“A can? Ba bana ba, ba baɗi ba. Baƙuwar ta riga ta zauna. Ku ƙone dashen, ku sa gero ko dawa a wurin. Kuma ku kula, tana bin ƙasar da ke manne a fartanya da takalmi. Ku nemi wuri mai ruwa wanda ba ta kai ba. Ko da 'yar gida a ciki ba komai, irinku ya fi ƙarfinta.”

Mutane suka fara lissafin wurare. Duk fadamar an yi ta zirga-zirga daga komayen zuwa lambuna. Wuri ɗaya ne ba wanda ya taka cikin masu lambun tun da abin ya faru, don kowa na gudun a gan shi a can.

Da safe Muntaka ya ɗauki sauran irin, mutane na biye da shi da fartanyu, har da mai unguwa, suka hau kan rafi. Sammani na can baya. Suka iske Lado tsaye a bakin shingen lambunsa, ya toshe ƙofar da jikinsa. Muntaka ya yi gaisuwa, ya ƙara, ya rasa ta inda zai fara.

“Lado, abin da ya faru…”

“Na ji abin da Malama ta ce,” in ji Lado. “Komi nawa kuke so?”

“Ko shida.”

Lado ya juya ya kira Fanta. Ta fito da babbar ƙwarya cike da ruwa, ta dire a bakin shinge, ta koma ba ta gaida kowa ba.

“Kowa ya tuɓe takalmi a nan, ya wanke ƙafa da fartanya. Wanda bai wanke ba ba ya shigar mani.”

Aka tsaya ana kallon juna. Mai unguwa ya tattare babbar rigarsa, ya dafa kafaɗar Muntaka, ya fara cire nasa. Lado ya sunkuya ya duba tafin ƙafar, ya nuna dunduniya.

“Allah sabbinane, ranka shi daɗe, akwai saura a nan.”

Mai unguwa ya mayar da ƙafar cikin ruwa.